Farfesa da Shingen Kawu

Labarin da ya zaga dangi shi ne wai taubashiyata ta shiga gidan kawunta, ta durƙusa gaban wata bishiya ta gaishe ta, bishiyar ta amsa, sannan ta raɗa mata a kunne sunan wanda ya kashe kifi dubu uku. Wata goggonmu da ko wurin ba ta je ba, ta rantse bishiyar har hawaye ta yi, kore shar. Kafin labarin ya isa shagon masu ɗinki na bakin titi, kifin sun zama dubu goma, bishiyar kuma ta iya Turanci.

To, a gyara. Da farko dai ba bishiya ba ce. Ɗan itace ne irin wanda ya fi ƙarfin a ce masa ciyawa amma bai isa a kira shi bishiya ba, tsayinsa ya ɗara mutum kaɗan. Na biyu, ko uffan bai ce ba. Kifin ma ba su kai dubu uku ba, ko da yake wanda ya ga yadda suka rufe ruwa ciki a sama zai yafe wa mai ƙari. Durƙuson ne kaɗai gaskiya. Ta durƙusa, ta kuma daɗe a durƙushe, amma ƙirga take yi.

Mu a gida Farfesa muke ce mata, duk da makarantarta a aji biyu na sakandare ta tsaya, aji ɗaya gaba da inda tawa ta yi faci, abin da har gobe take min gori da shi. Tun tana ƙarama take da ciwon ƙirga. In aka aike ta sayen sabulu, sai ta dawo da rahoton yawan sandunan wutar da ke tsakanin gida da kanti, sabulun kuwa ta baro shi a teburin mai kanti. Ta taɓa tare baƙo a ƙofar ɗaki ta sanar da shi cewa maɓallan rigarsa bakwai ne amma ramukan takwas. Uwarta, wato goggona, ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji ta sallama.

Da ta girma ta yi aure ta haifi biyu, sai aka samar mata aikin shara a kwalejin aikin gona. Ba ofis mai fanka aka ba ta ba. Wani dogon ɗaki aka tura ta a ƙarshen baranda, wanda duk masu shara suka guje wa saboda warin kafur. Kabad-kabad ne na ƙarfe jere har rufi, cikin kowanne manyan takardu masu kauri, a jikin kowace takarda an manna busasshen reshe da ganyensa da furensa, an yi rubutu a kusurwa. Makabartar ciyawa ke nan, in ka tambaye ni. Mai kula da ɗakin wani tsoho ne mai rawar hannu, aikinsa ya shimfiɗa ganye tsakanin tsofaffin jaridu, ya matse da katako biyu da bel, in ya bushe ya manna da gam.

Wata rana tsohon ya same ta ta jingine tsintsiya, tana bin wata takarda da yatsa, leɓenta na motsi. Ya tambayi abin da take yi. Ta ce wannan takardar da waccan suna ɗaya aka rubuta musu, amma wannan ganyenta bibbiyu suke tafiya har ƙarshe, waccan kuwa akwai guda tilo a kan tsini. Tsoho ya gyara tabarau ya duba, ya sake dubawa, sai ga shi zaune a kujera ba shiri. Kuskuren nasa ne, kuma ya yi shekara ashirin a kabad, malamai masu digiri suna wucewa ta kansa.

Daga ranar ya soma koya mata. Koyarwar tasa ba ta da yawa, sai taurin kai. A duba kara, a shafa a ji ko yana da gashi. A duba yadda ganye ya zauna a jikinsa, a ƙirga, a juya bayansa. A buɗe fure, a fasa kwanso, a zube 'ya'yan a tafi, in da hali a tono saiwa. Sai an gama duk wannan ake buɗe baki a faɗi suna. Tsohon ya rasu shekara huɗu ke nan. Ita kuwa har yau a takardar ma'aikata mai shara ce, amma ɗalibai na lallaɓowa wurinta da ganye a aljihu kamar masu sayar da kayan sata, ita kuma ba ta faɗa musu komai sai ta sa sun ƙirga da bakinsu. A gida wannan hali azaba ne. Ka miƙa mata ganyen lemo ka ce na mene ne, sai ta ce ina furen.

Babanta kuwa Direba kowa ke ce masa. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota, sai ido ya soma yi masa hazo, asibiti suka ce shi da titi sai dai a ɗauke shi. Ya yi shekara guda a gida a zaune kamar buhun da aka sauke aka manta. A lokacin ne yayan matarsa ya yi ritaya, ya gina tankuna huɗu na siminti a bayan gidansa, ya zuba tarwaɗa, ya kira Direba ya damƙa masa makullan sito da na ƙofar baya. Mutum ya farfaɗo kamar an yi masa ruwa. Ƙarfe takwas yana bakin tanki, ya canja ruwa, ya watsa abinci, ya kasa kunne. Ya ce ta ƙarar cin su yake gane ko suna lafiya.

Wannan yayan matar shi ne kawun Farfesa, shi ne kuma babana. Amma a nan Kawu zan riƙa ce masa yadda take faɗa, don in samu sararin faɗin gaskiya.

Kawu shekara talatin da biyar ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar wuta, kuma a duk tsawon nan bai taɓa kuskure ba. In lamba ta saɓa da abin da ya rubuta, mitar ce ta yi ƙarya. Dab da zai bar aiki aka yi musu bita ta kwana uku kan noma da kiwo, aka raba musu wata 'yar takarda da aka yi ta bugawa a inji har hotunan suka dushe. A ciki akwai bayanin waken Turawa, wai ɗan itace ne da ke gyara ƙasa, ganyensa kuma abincin dabbobi ne. Bayan wata biyu suna cikin tafiya taya ta yi faci a hanya. Kawu ya sauka miƙe ƙafa, ya hangi wani shinge a bakin gonar mutane, ya ce ga shi nan sak. Ya cika aljihu da busassun kwansuna, ya dawo ya shuka kewaye da tankuna.

Shuka ta karɓi wuri. Cikin shekara ta wuce kansa, ta yi duhu, ta yi wa tankuna inuwa. Wakena yake ce mata. Baƙo in ya zo gidan, sai ya je ya ga waken Kawu kafin a ba shi ruwan sha. Farfesa ta taɓa ganinsa sau ɗaya yana iya gwiwa, ba fure ba kwanso. Ta ɗan yi tambaya, Kawu ya ce wake ne, shi ya karanta, ta ja bakinta. Daga nan in ta zo gidan a falo take tsayawa.

Da kifi suka kai tsawon tafin hannu, Kawu ya yanke shawarar ƙara musu ƙarfi. A tsinko ganyen waken, a daka masa a turmi, a jiƙa, a tace da rariya, shi kuma ya juye koren ruwan a tanki da sassafe kafin Direba ya iso. Ba a ɓoye yake yi ba, duk gidan an san da tonik ɗin Kawu, har alfahari ake da shi. Ya fara da tanki na ɗaya. Kafin azahar ruwan ya rufe da fararen cikkuna.

Gida ya ɗauki salati. Kawu ya zagaya tankin sau biyu hannu a baya, ya ce cuta ce ta shigo, kuma ba don tonik ba da duk huɗun sun tafi. Mako na zagayowa ya ba tanki na biyu, a matsayin rigakafi. Tanki na biyu ya bi na farko. Nan Kawu ya ce wannan cuta da hannu a cikinta. Ya shiga sito ya yi bincike, ya fito da bokiti biyu shuɗɗa iri ɗaya, ɗaya na abincin kifi, ɗaya na haɗa maganin feshin sauro. Direba ya rantse bai taɓa haɗa su ba, ya ɗauki na feshin ya kai bola da kansa. Kawu ya ninka tonik ya ba tanki na uku. Da shi ma ya mutu, sai ya tsaya a gaban matarsa da ƙanwarsa da maƙwabta biyu da suka zo jaje, ya ce, “Mutumin da ba ya ganin titi, ina zai ga bokiti?” Ya ce Direba ya kawo masa makullansa ranar Asabar, zai nemi mai ido.

Abin da ya tayar wa Farfesa hankali ba korar ba ce kaɗai. Ranar Alhamis da ta biya gidansu daga wurin aiki, ta tarar da babanta zaune a tabarma da kofuna uku a gabansa, yana ɗaga su ɗaya-ɗaya yana tambayar uwarta wane launi ne wannan. Bai yi musu da Kawu ba saboda ya yarda. Ya ce mata wataƙila idon ya fi lalacewa fiye da yadda yake zato, wataƙila ya daɗe yana ɓarna ana rufa masa asiri. Uwar tana gefe, ga yaya ga miji, ta rasa wanda za ta kalla. Farfesa ba ta ko ajiye jaka ba, ta juya.

Kawu ba ya nan da ta isa gidansa. Ta bi ta kicin ta fita baya, niyyarta ta duba siton da bokitin da ya rage. Ba ta kai siton ba. Shingen ne ya tsayar da ita, ya cika da fure fari tas, cunkus a kan tsinin kowane reshe, ga kwansuna na lilo. Ta ajiye jaka a ƙasa ta durƙusa.

Ta fara da kara. Sabon reshe lulluɓe yake da gashi mai laushi kalar tsatsa, kamar an yi masa riga da karan-miski. Ta kamo ganye guda ta miƙar da shi a tafinta. Dogon sanda ne siriri, ƙananan ganye jere a gefe da gefe suna fuskantar juna, guda ɗaya a kan tsini. Goma sha bakwai. Ta kamo wani, sha tara. Wani, ashirin da ɗaya. Ta juya bayansu, gashi ne kwance mai sheƙi kamar azurfa. Ta tsinki fure ta buɗe shi da farce: ɓangare ɗaya babba a baya, biyu a gefe kamar fikafikai, biyu a ƙasa manne da juna kamar ɗan kwale-kwale. Dangin wake ne, wannan kam Kawu bai yi ƙarya ba. Amma dangin wake sun fi danginmu yawa, kuma kamar namu, ba kowa ake ba amanar kicin ba. Kwanson faffaɗa ne, ya fi yatsa tsawo, shi ma da gashinsa. Ta fasa busasshe, 'ya'ya baƙaƙe suka zubo.

A gefen famfo ta ga turmi, cikinsa kore. Ta tambayi matar Kawu, ita kuwa ta ba ta labarin tonik da fara'arta, har da cewa na tanki na huɗu ranar Asabar za a ba shi, don sabon mai kula ya tarar da kifi da ƙarfinsu. Farfesa ta koma wurin shingen. Ta ciro reza a jaka ta yanki reshe guda mai fure da kwanso, wanda a gidan nan laifinsa ya kusa da na yanke wa Kawu gemu. Matar Kawu ta dafe ƙirji, ta ce ta ɓoye shi a mayafi, sannan ta tambaye ta wai mene ne. Farfesa ta ce ba ta sani ba tukuna. Ta dai roƙa kada a zuba komai a tanki na huɗu sai ta dawo. Matar Kawu ta yi 'yar dariyar wanda ya yi shekara arba'in da mutum, ta ce ta faɗa wa wanda zai iya hana shi.

Washegari tun kafin a buɗe sauran ofisoshi tana cikin ɗakin kafur. Ta fara ciro takardar waken Turawa ta shimfiɗa a tebur, ta ajiye reshen Kawu kusa da ita. Ƙananan ganye uku ne rak a kowane sanda. Fure rawaya. Kwanso gajere mai tsaga-tsaga a karkace, 'ya'ya huɗu ko biyar. Ko a mafarki ba su haɗa kama ba, sai dai a ce dukansu ganye gare su. Ta mayar, ta soma bin kabad ɗin dangin wake ɗaya bayan ɗaya, tana ware masu ƙaya, tana ware masu yaɗo, tana ware waɗanda ganyensu bibbiyu ya ƙare ba tilo a tsini. Har rana ta take tana ciki, sharar ranar ko oho.

A kabad na shida ta same shi. Takardar ta girme ta, ta yi ja saboda tsufa, furen ya koma kalar shayi, amma gashin na nan, kwanson na nan, ta ƙirga ganyen sha tara. A kusurwa akwai dogon suna na masana wanda ita ma sai ta rarraba take iya karantawa. A ƙarƙashinsa, da rubutun tsohon nan tun hannunsa bai fara rawa ba, an sa: magimfa. Masunta na daka ganyensa su zuba a ruwa, kifi su bugu su taso.

Ta karanta sau uku. Abin da masunta ke yi don su kashe kifi, shi kawunta ke yi daki-daki, da daka da jiƙo da tacewa, don ya raya su. Ba a fitar da takarda daga ɗakin, wannan doka ce da ko shugaban kwalejin ba ta ɗaga masa. Ta samu biro ta kwafe rubutun a bayan ambulan. Ta kira Kawu a waya, ya ce in maganar ubanta ce ya riga ya gama, ya kashe.

Asabar ƙarfe bakwai ta iso da babanta, makullai a hannunsa. Suka tarar da Kawu a bakin tanki na huɗu ya naɗe hannun riga, bokiti cike da koren ruwa a gabansa. Direba ya gaishe shi, ya ɗora makullan a kan bangon tanki, ya ja baya. Farfesa ta durƙusa har ƙasa ta gai da kawunta yadda ya kamata, ta tambayi kwanan iyali. Da ta miƙe kuwa, sai ta miƙe tsakaninsa da tankin.

“Kawu, don Allah kada ka zuba.”

“Ke, matsa min.”

Ba ta matsa ba. Matar Kawu da ke ƙofar kicin ta toshe baki da gefen zane, don tunda aka gina gidan ba a taɓa ganin irin wannan ba. Kawu ya ce bai gina tanki huɗu don mai shara ta zo ta koya masa kiwo ba, ta ɗauki ubanta su tafi tun ana mutunci.

“Ba koya maka na zo yi ba, Kawu,” in ji ta. “Lamba na kawo ka karanta min. Ni karatuna bai yi nisa ba.”

Duk duniya ba abin da za ka ce wa Kawu ya tsaya sai wannan. Ta roƙi takardar bitar, wadda kullum tana aljihun gabansa cikin leda. Ya ciro ta da isa. Ta nuna hoton da ya dushe, ta ce ya ƙirga mata ƙananan ganyen da ke sanda guda. Ya ce uku, ai ko makaho ya gani. Kalmar ta fita kafin ya tuna wanda ke tsaye a bayansa. Ta miƙa hannu ta karyo ganye daga shingen, a gaban idonsa, ta ɗora masa a tafi. Ya bi da yatsa yana ƙirgawa a fili. Da ya wuce uku muryarsa ta ragu. A sha bakwai ya tsaya. Ya yar, ya tsinko wani da kansa, sha tara. Ya ce hoton na ƙaramin tsiro ne, in ya girma ganyen ƙaruwa yake.

Ta ce to ya karanta mata abin da aka rubuta game da fure. Ya karanta, rawaya. Duk muka ɗaga kai muka kalli shingen, fari fat kamar an shanya wanki. Ta ce saura 'ya'ya. Takarda ta ce huɗu zuwa shida. Ya fasa kwanso a tafinsa ya ƙirga goma sha huɗu, baƙaƙe. Ya ce ƙasar gidansa ce mai ƙarfi.

Sai a nan ta faɗi sunan. Ta ciro ambulan ta karanta a hankali, kalma-kalma, yadda take karatu. Direba da ya ji magimfa sai ya ɗago kai, ya ce ya taɓa jin masunta na ambatonsa a wani bakin kogi da yake sauke kaya, amma bai taɓa sanin kamarsa ba. Kawu ya ce rubutu ne kawai, kowa na iya rubutu a bayan ambulan.

Ta ce gaskiya ne. Ta roƙi a ba ta kifi biyu da baho. Direba ya ɗauki 'yar raga, ya sa hannu a ruwa, bai ko duba ba ya fito da biyu masu ƙiba. Aka sa su a baho da ruwa mai tsabta, suna ta zagaye abinsu. Ta miƙa wa Kawu kofi, ta ce shi zai ɗiba daga bokitinsa, don kada a ce ta sa wani abu. Ya ɗiba ya zuba, yana cewa yanzu za ta ga yadda za su ƙara kuzari.

Da farko kamar maganarsa za ta tabbata, don kifin sun zabura suna dukan gefen baho. Daga nan suka taso sama suna buɗe baki. Suka soma juyi kamar fanka mai shirin tsayawa. Ɗaya ya karkata, ya gyara, ya sake karkata. Ba a yi rabin awa ba duka biyun suka kwanta ciki a sama, sak yadda aka tarar da na tanki uku. Ni dai na manta bakina a buɗe har ƙuda ya leƙa ya fasa.

Kawu ya kalli bahon, ya kalli bokitin da saura ƙiris da ya juye a tanki, ya kalli tanki na huɗu inda kifi ke ta wasa ba su san an yi ba. Ya lallaɓa ya zauna a bakin tankin.

“Sau uku,” ya ce. “Da hannuna.”

Direba ya matso kusa da 'yarsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, “Ke nan ba idona ba ne?”

“Ba idonka ba ne, Baba.”

Ya sa bayan hannu ya goge idon da aka yi wa sharri, ya juya wai yana duba famfo.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na faɗa ake cewa ƙari nake yi, alhali a nan ne kaɗai ban ƙara ko gishiri ba. Kawu ya miƙe ya ɗauki makullan daga kan bango, ya kama hannun Direba ya sa masa, ya rufe da nasa hannun. Ya ce, “Na zalunce ka. A gaban mutane na faɗa, a gabansu zan janye.” Matar Kawu farantin hannunta ya suɓuce. Ta ce shekara arba'in tana jiran ta ji yadda wannan kalma za ta fito daga bakin nan, ashe sai kifi sun mutu. Direba ya ce ba komai, Yaya, ya wuce. Kawu ya ce bai wuce ba, a kira masa maƙwabtan nan biyu yanzu.

Kafin su iso ya shiga sito ya fito da adda, ya nufi shingen gadan-gadan. Farfesa ta sake shan gabansa, karo na biyu a safiya ɗaya, abin da ya sa na fara tunanin ko ta gaji da duniya ne. Ta ce itacen bai yi laifi ba, bai taɓa ce wa kowa shi waken Turawa ne ba. Ta tumɓuko wani ƙarami ta kakkaɓe ƙasar, ta nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar kamar ƙuraje, ta ce waɗannan su ke gyara ƙasa, wannan ɓangaren na takardarsa ya dace da shi. A kwashe shi dai daga bakin ruwa a kai gona, inda ko ganyensa ba zai faɗa tanki ba. Bokitin kuma a haƙa rami a juye, kada a bi da shi ta kwata. Kawu ya ajiye addar, ya ciro biro, ya tambaye ta taku nawa daga ruwa. Ta faɗa, ya rubuta a bayan takardar bitarsa, ya karanta mata don ta tabbatar bai yi kuskure ba.

Direba kuwa tuni ya buɗe sito ya ɗebo abinci. Ya watsa a tanki na huɗu, ya karkata kai yana sauraro.

Na same ta a bakin famfo tana wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Na ce, Farfesa, barka da arziki, yanzu sai kwaleji ta ƙara miki girma daga tsintsiya zuwa abin goge-goge. Na ce zan rubuta tarihinta dangi su karanta, in sa cewa ita ce likitar ciyawa ta farko da ta kashe majinyata biyu don a yarda ta iya aiki.

Ba ta ko ɗago ba sai da ta ɗauraye. Sannan ta kamo hannun rigata, ta tsinci wani ɗan gashi kalar tsatsa da farce, ta ɗaga shi saitin hancina.

“Ni biyu na kashe, kuma ina sane. Kai tanki uku ka daka wa ajali a turmi kana fito, ga shaidar nan a rigarka don ko wanki ba ka yi. In za ka rubuta, fara daga nan.”